Motar da Ban Wanke Ba

Jiddari Polo, Maiduguri

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, ke da mai gidanki, ba wanda ya tsayar da ku a hanya sai don ya ce muku Allah Ya kiyaye. Allah Ya sa gidan da kika shiga ya zama gidan zamanki, Ya ba ki haƙuri da mutanensa, su ma Ya ba su haƙuri da ke. Na sa takardar a ƙasan akwatin atamfofinki don na san ba za ki buɗe shi ba sai kin huta. Ki fara karantawa ke kaɗai.

Shekaranjiya da mai gidanki ya zo yi mana sallama, muna zaune a tabarmar ƙofar gida ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Baba, ga motoci biyu da nake dubawa, mako mai zuwa zan ɗauki ɗaya in Allah Ya yarda. Kujera layi uku ce, tana cin mutum takwas. Da ita duk ƙarshen wata zan kawo Yagana ta ga Kaka." Na duba. Ɗaya fara ce sabuwa, ko leda ba a cire mata ba. Ɗayar ta hannu ce, baƙar jif mai baƙin gilas, kuma na lura a kanta yatsansa ya fi daɗewa. Na ce masa Allah Ya sa alheri, na mayar masa da wayar.

Kin san ba zan iya zaunar da surukina in yi masa karatu ba. Yaron kirki ne, kuma niyyarsa mai kyau ce. Ke kuwa tawa ce, tun kina shekara goma sha biyu kike hannuna, don haka ke zan gaya wa. Ina jin tsoron motar nan, ina jin tsoron hanyar da zai riƙa hawa da ke a cikinta.

Ni ba makanike ba ne, kin sani. Mai wankin mota ne, shekara goma sha tara ke nan ina yi a wuri ɗaya. Amma babu irin jif ɗin da ba ta bi ta ƙarƙashin tafin hannuna ba, kuma abin da mai mota yake ɓoye wa mai saye ba ya iya ɓoye wa wanda zai zuba mata ruwa. Sau ɗaya na ƙi amfani da wannan sanin. An gaya miki an tare babanki mahaifi a hanyar Damaturu aka harbe shi. Gaskiya ne. Amma ba a gaya miki duka ba, domin ragowar ni kaɗai na sani.

Lokacin da gari ya rikice, aka hana hawa babur, kullum sai ka ji an bi wane har ƙofar gidansa, yayana Ya Modu, wato babanki, ya ce ba zai iya barci ba sai ya sami motar da za ta kwashe mu a tafiya ɗaya. Mu bakwai ne a gidanmu na Dala. Ya ce, "Ranar da za a gudu ba zan tsaya ina zaɓen wanda zan bari ba." Shi wake da gero ya sani, bai san mota ba, sai ya ce in raka shi. Na sa sabuwar shaddata ta Sallah, na ɗora hula, muka tafi wajen wani dillali.

Dillalin mutum ne mai daɗin baki. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya Modu ya ce, "Ƙanena ne, shi ne masanin motarmu. Abin da ya ce shi za a yi."

"To madalla, Injiniya, bismillah. Duba son ranka. Wannan wata Hajiya ce take zuwa biki da ita, ko kwalta ba ta taɓa sauka ba."

Yagana, ban taɓa jin an kira ni Injiniya ba, kuma sunan ya yi mini daɗi. A gefen filin akwai famfo, ga bokiti a kife, ga soso a kai. Idona ya kai kansu har sau uku. Na san abin da ya kamata in yi: in tuɓe riga, in ce a fito mini da ita rana in wanke ta. Amma injiniya ba ya ɗaukar bokiti. Sai na ce a buɗe mini gaba, na tsaya ina kallon injin da ban san komai a cikinsa ba, na gyaɗa kai, na zagaya na shuri taya. Na ce, "Ta yi." A hanyar komawa Ya Modu yana ta dariya, ya ce, "Kyari, yau ka ga mota ba ka taɓa ruwa ba, lafiya kuwa?" Na ce, "Ai a wanke take, Ya."

Wannan shi ne kuskurena na farko. Don haka ki gaya wa mai gidanki, ko wace mota ce ta hannu, kada ya ce ya saya sai an wanke ta a gabansa. Ba wankin da dillali ya riga ya yi ba. A fito da ita daga inuwa, a bar ta ta sha rana, sannan a watsa mata ruwa ya tsaya yana kallo. Ƙarfe mai zafi yana shanye ruwa nan da nan. Inda aka cike rami da fila, wato ƙullin da masu gyaran bodi ke shafawa kafin su yi fenti, wurin yakan daɗe da laima, sai ka ga taswirarsa ta fito. Ya bi jikin da tafin hannu, ba da ido ba. A zuba ruwa sosai a kan kowane gilas, sannan a buɗe ƙofa a ga ko ya shiga ciki. A ɗaga kafet har ƙasa, a jiƙa wurin kaɗan, a sunsuna. Motar da ta taɓa nutsewa a ruwa tana da warinta. Wadda aka taɓa zubar da jini a cikinta ma tana da nata, kuma turare ba ya kashe shi. In dillali ya ce ba a wanke mota kafin ciniki, ya yi masa godiya ya fita.

Ke ma ki riƙe wannan a aikinki na asibiti. Za ki haɗu da masu kiran ki da babban suna don ki ji kunyar yin ƙaramin aikin da kika iya. Ki yi aikin. Ni da na durƙusa da soso a gaban mutumin nan, da kunyar ba ta wuce ta rabin awa ba.

Kuskure na biyu launi ne, kuma ni na zuga shi. Akwai wata mai ruwan toka a gefe, ta ɗan koɗe, ba ta da kyan gani. Na ce wa Ya Modu baƙar ta fi kwarjini, kuma baƙin gilas zai rufa wa mata asiri. Ranar da muka shigo da ita Dala, Hajja Bintu mai ƙosai ta bakin layinmu ta ajiye matsaminta ta bi mu da kallo. Da Ya Modu ya fito ta ce, "Wushe, sannu Modu. Gwamnati ce ta ɗauke ka aiki ba mu ji ba?"

Ya ce, "Wace gwamnati, Hajja, ni da wake?"

Ta ce, "To ka gaya wa motarka, don ita ba haka take cewa ba."

Mun yi dariya, amma maganarta gaskiya ce. A ƙasarmu yanzu mota tana magana tun kafin mai ita ya buɗe baki. Farar jif tana cewa ma'aikatan agaji ne a ciki, kuma kin san abin da yaran nan na daji suke yi da su in sun kama. Baƙa mai baƙin gilas tana cewa babban mutum ne ko jami'in tsaro. Mai launin ƙasa ko kore tana cewa ta masu kaki ce. Duka biyun da mai gidanki ya nuna mini suna cikin waɗannan. Ya nemi launin da ba wanda zai tuna: ruwan toka, ko ruwan azurfa da ya sha rana. Motar da in ta wuce aka tambayi mai shayi me ya wuce, zai ce bai lura ba.

Kada ki ce to ai sabuwar ba ta da abin ɓoyewa. Haka ne, ba ta da tarihi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ita kowa yana ganin ta. Kuma sababbin nan suna da wayon da ban yarda da shi ba. Da ka ɗan yi tafiya sai su kulle ƙofofinsu da kansu. Fitilarsu tana kunna kanta ko ba ka so a gan ka. In sun ƙi tashi a tsakanin gari da gari, makaniken bakin hanya sai dai ya tsaya yana kallonsu kamar yadda na kalli injin can, don sai an jona musu na'ura. Man jarka da ake sayarwa a hanya kuwa yana shaƙe su. In sabuwar zai ɗauka, ya sa mai sayarwa ya nuna masa yadda ake kashe kullewar nan da fitilar, ya gwada da hannunsa har ya iya ba tare da ya duba ba. Ya cire ledar kujeru tun a can. Kuma ga shawarar da ba ki taɓa zaton za ki ji daga bakin mai wanki ba: in zai yi doguwar tafiya, ya bar ta da dattinta.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. Kwana uku da sayen motar na kawo ta nan wajen aikina na wanke ta. Ruwan bai gama bushewa ba na gan su a ƙofar direba: tabo biyar a jere, kowanne kamar faɗin kwabo, sun ƙi bushewa. Na sa hannu na ji fila ce. Na ɗaga kafet, na tarar da ɓarɓashin gilas a lungun da tsintsiya ba ta kaiwa. Da ruwa ya taɓa wurin, warin ya taso. Ba Hajiya ce take zuwa biki da motar nan ba. An taɓa harbin wani a kujerar da yayana yake zama. Na danna maɓallin gilas ɗin direba, ya sauko rabi ya tsaya, yana wani gurnani a cikin ƙofar. Na jira, na sake dannawa, sai ya sauka.

Ina tsaye da soso a hannu sai ga Ya Modu ya sauka daga Keke tare da Kaka, wai ya kawo ta ta fara shiga. Ya buɗe mata gaba, ya ɗaga ta ya zaunar. Ta shafa kujera ta ce, "Modu, wannan ai ɗaki ne. Ina za a sa murhu?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya juyo ya ce mini, "Kyari, ka san jiya na yi barci har aka yi kiran asuba ban ji ba? Yaya, ka same ta lafiya?"

Na ce, "Lafiya ƙalau, Ya."

In na faɗa, dole in ce ni ne ban duba ba. Kuma ga mutum ya fara barci bayan wata da watanni. Na ce a raina ranar Juma'a zan kai ta wajen mai gyaran wayar mota a gyara gilas ɗin ba tare da ya sani ba. Kafin Juma'a aka sa dokar hana fita. Da aka ɗage, gilas ɗin yana aiki, sai na ce ya warke. Daga baya na gane da safe yake aiki, in rana ta buga ƙofar ta yi zafi sai ya ƙi. Na gane, kuma na ci gaba da cewa gobe. Mutane suna yabona da haƙuri, ke ma kin sha cewa ba ki taɓa ganin na ɗaga murya ba. Wancan shirun ba haƙuri ba ne, tsoron kunya ne.

Saboda haka a gwada kowane gilas sau ashirin, inji a kunne da kuma a kashe, da safe da kuma bayan ta wuni a rana. In ɗaya ya yi jinkiri ko da na numfashi guda ne, a canza injin gilas ɗin gaba ɗaya, kada a yarda da wanda zai ce ya ɗan shafa masa man giris. Da ana samun babbar mota mai gilas na murɗawa da hannu, ita zan ce a saya. Baƙar ledar da ake manna wa gilas kuwa a ɓare ta tun a filin dillali, kada a ce sai an zo gida. Kuma ke, Yagana, duk ranar da kika ga aibi a wani abu da ran mutum ya rataya a kai, a mota ne ko a gida ko a wajen aiki, ki faɗa a ranar. Ko da faɗin zai nuna ke ce kika yi sakaci.

Yanzu zan gaya miki ranar.

Lokacin an kashe layin waya a garin nan, sai mutum ya je Damaturu kafin ya kira wani. Maganin ƙafar Kaka ya ƙare, an ce sai can, kuma Ya Modu yana so ya kira abokan cinikinsa. Ku kuna makaranta. Wani dattijo maƙwabcinmu, Ba Goni, ya roƙa a rage masa hanya, aka ba shi gaba don girmansa. Kaka ta miƙe ƙafa a layin tsakiya. Ni na shige layin baya, wanda sai an kwantar da kujerar tsakiya ake shiga. Mun je lafiya. A dawowa ne, wajen azahar, rana tana dukan ɓangaren direba, muka zo wani wuri da kwalta ta farfashe dole a rage gudu. Sai ga itace da durom a tsakiyar hanya, da mutane cikin kaki riƙe da bindigogi. Wasu da takalmin aiki, wasu da silifa. Har yau ban san ko su wane ne ba, kuma na daina tambaya.

Ɗaya ya zo ya ƙwanƙwasa gilas da bakin bindiga ya ce, "Sauke."

Ya Modu ya danna. Na ji gurnanin nan a cikin ƙofa. Ya sake dannawa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kyari, gilas ɗin nan ya ƙi."

Na ce, "Buɗe ƙofar, Ya."

Ƙofar ta riga ta kulle kanta. Ya sunkuya yana laluben abin buɗewa. Mu a ciki muna ganin mutumin sarai, har gumin goshinsa. Shi daga waje ba ya ganin komai sai inuwar mutum a bayan baƙin gilas, wanda aka ce ya sauke ya ƙi, kuma ga shi ya sunkuya yana ɗauko wani abu. Sau uku ya harba.

Da suka buɗe ƙofofin suka ga tsohuwa da tsoho, sai suka yi cirko-cirko. Wanda ya yi harbin yaro ne, bai kai ni ba. Yana ta maimaitawa, "Me ya sa bai sauke ba? Na ce ya sauke." Babbansu ya ce mu ɗauki mutuminmu mu tafi.

Ni kuwa ina layin baya na kasa fita. Kujerar da za a kwantar Kaka na kanta, ta sandare, ba ta jin abin da nake cewa. Ƙofar but, wato ta wajen kaya a baya, ba ta da mariƙi ta ciki. Ina jin numfashin yayana, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. A ƙarshe ta kan mahaifiyata na tsallaka, na taka mata ƙafar da ke ciwo. Kafin in kai, Ba Goni ya riga ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ba Goni ya ce mini abin da yayana ya faɗa kafin nan shi ne a kai Kaka gida. Ni na tuƙo mu, ni da ban taɓa fita bayan gari da mota ba.

Ga abin da na koya, da tsadar da kika ji. Layi na uku da ake yi wa manyan motocin nan talla da shi, ki shiga da kanki ki zauna, a sa mutane a layin tsakiya, a rufe ƙofofi. Mai gidanki ya fara karanta Fatiha, ke kuma ki yi ƙoƙarin fita. In ya kai ƙarshe ba ki taka ƙasa ba, to wannan layin na kaya ne, ba na mutum ba, kuma kada a taɓa sa yaro a can. A duba ko but yana buɗuwa ta ciki. Motar da aka ce tana cin mutum takwas, a ƙidaya mutum nawa take fitarwa da sauri, wannan shi ne adadinta na gaskiya.

In kun hango shinge, tun daga nesa a sauke gilas duka huɗu, a kashe rediyo, direba ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari ya bar su a nan. Takardun mota su kasance a sama, a maƙale a abin tare rana, ba a aljihun gaba ba, don kada a ce kawo takarda mutum ya sunkuya. In wani abu ya ƙi buɗuwa, a ɗaga hannu a faɗa da ƙarfi cewa ya lalace, a bar na waje ya buɗe. Ni na ce wa babanki ya buɗe ƙofa. Da na ce ya ɗaga hannu, wataƙila da shi ya kai ki ɗakin mijinki.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma a hanyar nan ƙaramin abu ke tsayar da mutum inda ba a tsayawa. A duba lambar da ke jikin shasi, wato ƙarfen gindin mota, ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi, don motocin da aka ƙwace a hannun mutane suna dawowa kasuwa da sabon fenti. Tayar safaya a irin waɗannan a ƙarƙashi take rataye, na sha ganin wadda tsatsa ta cinye sarƙarta, a sauke ta a gani a kuma mayar. A bar inji yana aiki da na'urar sanyi a tsakar rana a ga ko lagireto zai tafasa. A san iyakar inda cikakken tanki yake kai ta, domin manyan nan mashaya ne, kuma ba a barin mutum ya wuce shinge da jarka. In mai gidanki ya tambaye ki ina kika san duk wannan, ki ce babanki mai wanki ne. In kin ga ya dace ki ba shi takardar, ki ba shi. Na fi son ya raina ni da ya binne ki.

Motar na kai ta wani gareji a Mairi na ajiye, ban sake komawa ba. Kaka ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba, ko ta ƙafarta da na taka. Ban san abin da ta ji ba, ban san abin da ta gane ba. Da mahaifiyarki ta gama takaba za ta koma Biu wajen danginta da ƙannenki, Kaka ce ta ce a bar mata takwararta, ni kuma na ce zan riƙe ku ku biyu. Kina ganin alheri na yi. Na so ki da gaske, wannan Allah Ya sani, amma kullum in kin ce mini Baba sai na tuna dalilin da ya sa ni kike kira haka. Ban rubuto don in roƙi yafiya ba. In kin iya yafewa na gode. In ba ki iya ba, ki dai ji maganar motar.

Saura abu ɗaya, kuma ya fi duk na baya yi mini nauyi. Ko da mai gidanki ya sami motar da ta tsallake duk gwajin nan, ba na so ya kawo ki duk ƙarshen wata. Ba na so ya kawo ki da Sallah. Mota mai kyau tana rage haɗari ne kawai, ba ta gyara hanya, kuma hanyar nan ba ta gyaru ba. Ina wanke motocin da suke bin ta, ina ganin abin da suke dawowa da shi. Ya sayi motarsa ya kai ki asibiti da kasuwa da gidan danginsa, Allah Ya sa albarka. Gabas kuwa, sai ranar da ni da bakina na ce miki ku taho.

Na san Kaka za ta tambaya. Zan ce mata ni na hana, ta yi fushinta da ni, na iya ɗauka. Waya tana aiki yanzu, kullum bayan la'asar zan kai mata ku gaisa, ki yi mata tsiyar da kika saba. Kuma ki saurare ni da kyau a nan, 'yata. Kaka ta tsufa. In wata rana aka kira ki aka ce ta cika, ko aka ce ni ne, kada ki ce a tayar da mota. Kafin ki wuce Potiskum an riga an rufe mu. Ki yi alwala, ki shimfiɗa sallaya a ɗakinki, ki yi mana addu'a daga nan, za ta iso. Mutane za su ce 'yar da muka riƙa ba ta zo gaisuwa ba. Su faɗa. Ki ajiye takardar nan, in maganar ta dame ki ki nuna musu cewa umarnin babanki kika bi.

Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya tsare mai gidanki, Ya rufe idon mugu daga kanku. Allah Ya jiƙan Ya Modu, Ya sa ya huta. Allah Ya kawo mana ranar da mutum zai tashi daga Kano ya iso Maiduguri ba abin da ya dame shi sai gajiya. In ranar ta zo ina raye, ni zan fara kiran ki. In ba ta same ni ba, ki zauna inda kike, na yafe miki zuwan.

Wassalam.

Naki,
Baba Kyari